Sunan mai mulki ba ya daɗewa a kan dutse

A shekarar 1949 aka yi bikin cikar Joseph Stalin shekara 70 a duniya, kuma ƙasashen da ke ƙarƙashin inuwar Tarayyar Sobiyet suka shiga rige-rigen faranta masa rai. Bulgeriya ta ɗauki Musala, dutse mafi tsayi a ƙasar, mai mita 2,925, ta raɗa masa suna Stalin. Chekoslobakiya ma ta yi hakan da dutsen Gerlach da ke tsaunukan Tatra. Stalin ya mutu a 1953. Kafin a yi shekara goma da binne shi, duwatsun biyu duk sun koma sunayensu na da: Gerlach a 1959, Musala a 1962.

Gerlach ɗin ma ba a kan Stalin aka fara yi masa haka ba. A 1896, lokacin da Hangari, wadda dutsen ke cikin ƙasarta a wancan zamani, ke bikin cika shekara 1,000, an sa masa sunan Sarki Franz Joseph na daular Ostiriya da Hangari, daular na rushewa sunan ya bi ta. Ke nan dutse ɗaya an bayar da shi kyauta sau biyu ga mutum biyu da babu abin da ya haɗa su sai riƙe mulki a lokacin da ake neman abin yin biki.

A ganina wannan al'ada fadanci ce zalla, kuma fadanci mai arha. Gina asibiti ko makaranta da sunan shugaba na cin kuɗi da shekaru, a ƙarshe talaka ya amfana. Sauya wa dutse suna kuwa takarda ɗaya ce da sa hannu. Sai a tara 'yan jarida, a tura matasa su hau ƙololuwa da tuta da allon ƙarfe, wani lokaci har da mutum-mutumin shugaban a goye, a ɗauki hotuna a sauko. Makiyayin da ke kiwo a gindin dutsen babu mai tambayarsa, shi ma bai fasa kiran wurin da sunan da ya ji a bakin kakansa ba.

Dubi tsaunukan Pamir na Tajikistan. Dutse mafi tsayi a can, mai mita 7,495, an sa masa sunan Stalin a farkon shekarun 1930. A 1962 ya koma Dutsen Kwaminisanci. A 1998, ana shirin bikin cikar daular Samaniyawa shekara 1,100, aka mayar da shi Isma'il Samani, sarkin da ya yi mulki daga Bukhara, birnin da kowane almajirin hadisi ya san sunansa. Wani dutsen a yankin, mai mita 7,134, ya fara da sunan Kaufman, gwamnan Rasha a Turkistan, a 1928 ya zama Lenin, a 2006 Tajikistan ta ce sunansa Ibn Sina. To amma yana kan iyaka ne, kuma Kirgistan har yau Lenin take ce masa. Mai zana taswira da mai neman ceton wanda ƙanƙara ta rufe, su ne ke shan wahalar wannan ruɗani. Kirgistan ɗin dai ita ce a 2011 majalisarta ta sa wa wani dutse sunan Vladimir Putin yana kan kujerar firaministan Rasha, kuma ba sai an gaya wa kowa dalili ba.

Za a ce yabon gwani ya zama dole, ƙasa kuma tana da haƙƙin tunawa da gwarazanta. Na yarda. Isma'il Samani da Ibn Sina sun rasu sama da ƙarni tara da suka wuce, tarihi ya gama auna su, ba su da kwangilar da za su ba wani. Wanda ke kan mulki kuwa ba a san ƙarshensa ba tukuna. Tanganyika, wadda yanzu ke cikin Tanzaniya, ta nuna wata hanyar da ta fi mutunci: ƙololuwar Kilimanjaro, wadda Bajamushe Hans Meyer ya sa wa sunan Sarki Wilhelm na Jamus a 1889, da aka samu 'yancin kai a 1961 ba a liƙa mata sunan Julius Nyerere, jagoran ƙasar, ba. An kira ta Uhuru, wato 'yanci, kuma har yau babu gwamnatin da ta ga dalilin taɓa sunan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake shafe sunan masu wuri. A Alaska, mutanen Koyukon sun daɗe suna kiran dutse mafi tsayi a Arewacin Amurka da Denali. A 1896 wani mai neman zinare ya sa masa sunan William McKinley, ɗan takarar shugabancin Amurka a lokacin, mutumin da bai taɓa taka Alaska ba har aka kashe shi a 1901. Jihar ta nemi a dawo da Denali tun 1975, 'yan majalisar Ohio, mahaifar McKinley, suka yi ta toshe hanya. Sai a 2015 gwamnatin Obama ta amince. A ranar da Donald Trump ya koma mulki, 20 ga Janairun 2025, ya sa hannu a mayar da McKinley, duk da cewa sanatocin Alaska biyu, 'yan jam'iyyarsa, sun nuna ba su so.