Masuntan Kabasalan sun raini kifi, kotu ta buɗe wa manyan jirage ƙofa

A shekarar 1986 wasu masunta kimanin talatin a ƙauyen Concepcion da ke Kabasalan, a lardin da yanzu ake kira Zamboanga Sibugay a kudancin Filifin, suka kafa ƙungiya don su riƙa shuka itace a cikin taɓo. Itacen shi ne wanda mutanen yankin ke kira bakhaw, mai tsirowa a bakin teku inda ruwan gishiri ke shiga yana fita, saiwoyinsa a tsaye cirko-cirko. A cikin saiwoyin nan 'ya'yan kifi da kaguwa da jatan lande ke ɓuya har su yi ƙwari. An yi ta sare shi ana haƙa tafkunan kiwon kifi a gurbinsa, har dajin bakhaw na ƙasar, wanda ya haura kadada 400,000 a farkon ƙarnin da ya wuce, ya dawo wajen 120,000 a shekarun 1990. Masunci ya wuni a ruwa, ya dawo da abin da bai isa miya ba.

Shuka bakhaw aiki ne marar daɗi. Mutum zai nutse cikin laka har gwiwa, rana na dukansa, babu mai biyansa ko kwabo, kuma itacen ba zai amfane shi bana ba, ba zai amfane shi baɗi ba. Saboda haka 'yan ƙungiyar suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya har aka bar mutum uku. Ni ban ga laifin waɗanda suka tafi ba. Mai iyalin da zai ciyar da daddare ba a yi masa wa'azin shekara goma masu zuwa. Cikin ukun da suka rage akwai shugaban ƙungiyar, Roberto Ballon, wanda kowa ke kira Ka Dodoy.

Zuwa 1994 sun shuka kadada 50. Zuwa 2015 dajin ya kai kadada 500. Masuncin da a da yakan shafe awa takwas ya kamo kilo ɗaya da rabi, sai ga shi yana samun har kilo 7 cikin awa uku zuwa biyar, ƙungiyar kuma ta koma ta gidaje 320, masu kiwon kaguwa da talaba, wani abin ruwa mai kwanso, da noman ciyawar teku. A 2021 aka ba Ballon kyautar Ramon Magsaysay, wadda ake yi wa kallon babbar lambar yabo ta nahiyar Asiya.

Yawanci a nan ake tsayar da labarin, a ce haƙurin mutum ɗaya ya dafa dutse. Haƙurin kam an yi shi, amma a ganina akwai abin da ya fi shi nauyi wanda ba a cika ambata ba. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta ba ƙungiyar takardar haƙƙin kula da dajin da suka shuka da kuma cin moriyarsa. Dubi lissafin da kanka: kadada 50 kafin takardar, ninki goma bayanta. Talaka ba ya ƙin gyara muhalli, abin da yake tsoro shi ne ya gama wahala wani mai ƙafa a ofis ya zo da takarda ya ce wurin nasa ne. Da aka cire wannan tsoron, waɗanda ke kallo daga nesa suka shigo.

Haka abin yake a kan ruwan ma. Dokar kamun kifi ta 1998 ta ware kilomita 15 daga gaɓa a matsayin ruwan ƙaramar hukuma, inda ƙananan masunta masu kwale-kwalen da bai wuce tan uku ba ke da fifiko. Wannan iyakar ce ta sa aikin 'yan sa-kai na Bantay Dagat, wato masu gadin teku, ya zama mai ma'ana. 'Yan ƙungiyar Ballon suna cikinsu, suna fita sintiri don korar masu kamun haram da masu saran bakhaw. Mutum zai bar barcinsa ya shiga teku cikin duhu, ya tari mutanen da ba su jin kunyar jefa nakiya a ruwa, don ya san kifin da ya tsare shi da 'ya'yansa za su kama.

To, wannan iyakar ce yanzu take rawa. Wani kamfanin kamun kifi mai suna Mercidar ya kai ƙara, kuma a Disambar 2023 wata kotu a birnin Malabon da ke kusa da Manila ta ba shi gaskiya, ta soke sassan dokar da suka hana manyan jirage shiga ruwan ƙananan hukumomi. A Agustan 2024 wani sashe na Kotun Ƙoli ya bar hukuncin a yadda yake, dalili kuwa shi ne lauyoyin gwamnati sun makara wajen ɗaukar mataki. Makara! A ƙasar da hukumar ƙididdigarta ta ce a 2021 kashi 30.6 cikin ɗari na masunta matalauta ne, fiye da kowane rukuni na masu sana'a, abincin mutane ya rataya a kan ranar da wani ya manta bai duba kalanda ba.

Masu manyan jirage suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa su ke cika kasuwannin Manila da kifi mai araha, suna ɗaukar ma'aikata, kuma layin da aka ja a taswira ba ya bin inda kifi ke tafiya. Ina yarda cewa ƙasa mai mutum fiye da miliyan 110 ba za ta ƙoshi da kwale-kwale kaɗai ba. Amma kifin da jirgin ke nema a kusa da gaɓa, a ina ya girma? A saiwoyin da wasu suka dasa da hannu, ba tare da albashi ba, tun 1986. Jirgi ɗaya mai ƙaton taru zai iya kwashe cikin dare ɗaya abin da ƙauye zai yi makonni bai kama ba, ya ƙara gaba inda ba a san shi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan. Kuma duk ranar da ɗan Bantay Dagat ya ga doka ta ba jirgin izinin shigowa, da wane baki za a ce masa ya ci gaba da hana maƙwabcinsa amfani da taru mai ƙananan ido?

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne yadda hukumomi ke son hoton dashen bakhaw fiye da dajin kansa. Bayan guguwar Haiyan ta Nuwamban 2013, wadda ta kashe mutum sama da 6,000, an ware maƙudan kuɗi don dashe a gaɓar teku. Masana irin su Jurgenne Primavera sun daɗe suna kokawa cewa ana dasa nau'in da bai dace ba a wurin da bai dace ba, mafi yawan dashen kuma ya mutu. Na Kabasalan ya rayu saboda masu dashen a nan suke kwana, sun san inda igiyar ruwa ke ƙarfi, kuma in dashe ya mutu su ke komawa su sake.

Ballon bai tsaya a bakin taɓo ba. Ya fito takarar kujerar sanata a zaɓen Mayun 2025 a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ya kara da 'ya'yan manyan gidajen siyasa da taurarin talabijin a kan kujeru goma sha biyu. Bai samu ko ɗaya ba.