Shehun da Hollywood ta raba da Larabci kafin ta ba shi mata

A 1921 kamfanin Paramount ya fitar da The Sheik, fim marar sauti da ya ƙara ɗaukaka Rudolph Valentino a matsayin tauraro. Har yau ana lissafa shi cikin manyan finafinan soyayya na farko, ni kuwa ƙarshensa ɓata mini rai yake yi.

Diana Mayo, Baturiyar Ingila, ta baro garin Biskra na Aljeriya ta shiga hamada yawon buɗe ido. Shehu Ahmed Ben Hassan, wanda Valentino ya fito a matsayinsa, ya sure ta daga kan doki, ya tsare ta a tantinsa, wai sannu a hankali ta kamu da sonsa. Wannan kaɗai ya isa abin ƙyama, satar mace ce aka lulluɓe da soyayya.

Amma ku dubi inda aka nufa. Ahmed na kwance jina-jina bayan ya ƙwato ta daga hannun ɗan fashi Omair. Diana ta riƙe hannunsa tana mamakin girmansa, wai ya fi na Balarabe. Nan take amininsa Bafaranshe ya fasa ƙwai: ai ba Balarabe ba ne, ubansa Baturen Ingila, uwarsa 'yar Sifen, riƙonsa kawai aka yi a hamada. Shi ke nan, aure ya halatta! Jarumtarsa da tausayinsa duk an mayar wa jinin Turawa, Larabawan asali kuwa an bar su da fashi da cacar mata.

Kada a ce mini ai zamanin ne. Masu fim ɗin sun san abin da suke yi. Jihohin Amurka da yawa a lokacin sun haramta auren farar fata da wasu jinsuna, dokokin da Kotun Ƙoli ba ta rushe ba sai 1967. Suna son kuɗin da rawani da raƙumi ke kawowa, ba sa son mai rawanin. Valentino ɗan Italiya ne, hamadar ma yashin Kalifoniya ce.

Haka aka yi wa 'yar fim Anna May Wong, haifaffiyar Los Angeles mai asalin Sin. A fim ɗin The Good Earth na 1937, labarin manoman Sin, an hana ta babbar rawar aka ba Luise Rainer, haifaffiyar Jamus, wadda ta ci Oscar da ita.