Daren da na mutu ina neman ankh

Ƙarfe biyu na dare na daki tebur na ce, "Wayyo, na mutu!"

Ba ƙarya na yi ba, sai dai a cikin Ultima Online ne, tsohon wasan intanet ɗin nan da ya fito a 1997. Wata uku ina haƙar tama ina tara kuɗin sulke, ranar da na saka shi wani ɗan fashi ya tare ni a daji ya gama da ni. A wasan, in ka mutu duniya takan koma toka-toka, ka zama fatalwa, duk abin da ka rubuta "OoOoO" kawai masu rai ke gani. Sai ka samu mai magani, ko ka je inda aka kafa wata alama da ake kira ankh, sannan ka tashi.

Na kira abokina a waya ina raɗa: "Ina zan samu ankh yanzu yanzu? Kar a ji, yi sauri."

Ashe Maman Ummi tana tsaye a bayana.

"Ankon wa? Bikin wa za a yi da ba a so a ji?"

"Ba anko ba ne, ankh."

"Baban Ummi, ni za ka raina wa hankali? Wace ce?"

Na juyo mata da kwamfutar na nuna mata hotonsa: sanda a tsaye, wata a gicciye, da zobe a sama. Ta ce wannan ai ludayi ne aka yi wa hannuwa. Nan ne ya kamata in yi shiru, amma bokona ya motsa. Na ce harafi ne a rubutun tsoffin Misirawa, ma'anarsa rai. A zanen kaburburansu za ki ga allolinsu suna kara shi a hancin sarki, wai suna ba shi numfashi. Wasu masana ma sun ce asalinsa igiyar takalmi ce. Har a sunan Tutankamun yana nan, fir'aunan da aka gano kabarinsa a 1922.

Duk bayanin nan kalma ɗaya ta tsinta.

"Fir'auna? Kai da Fir'auna da tsakar dare?"

Kafin in kammala rantse-rantse aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da rasuwa, shi ba shi da ankh.

Da sassafe sai ga Hajiyata da gorar ruwan tofi. Aka zaunar da ni a tabarma kamar yaron da ya gudo daga makarantar allo. Na shanye tas, na kuma yi alkawari.

Da yamma dai na lallaɓa na kunna. Na isa wurin ankh, na tashi da 'yar riga ɗaya, na ruga inda gawata take. Ko tsinke ba su bar min ba. Maman Ummi kuma ta ce tunda an riga an ambaci anko a gidan nan, atamfa turmi biyu take jira.