An sallamo shi daga asibiti, mun karɓe shi kuwa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Akwai wani matashi a layinmu da ya yi wata uku a asibiti ana yi masa maganin shaye-shaye. Ranar da aka sallamo shi ya murmure, har kumatu ya yi. Da magariba ya zo masallaci. Yana cire takalmi sai wani dattijo ya sunkuya ya ɗauke nasa takalmin, ya shige da shi ciki. Yaron ya gani. Bai ce uffan ba, ya yi sallarsa a sahun ƙarshe, ana sallamewa ya fice. Ya yi kwana goma bai sake leƙowa ba. Ni kaina ban bi shi gida na tambayi lafiyarsa ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

'Yan'uwa, Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda ake yi wa laƙabi da Himar. Yakan ba Manzon Allah (SAW) dariya, kuma an sha kawo shi a yi masa bulala saboda giya. Wata rana wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi. Sai Annabi ya ce kada a la'ance shi, domin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar kuma ya ce kada mu zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanmu. Wannan fa mutumin da yake ta komawa ne, ina ga wanda ya daina yana neman tsayuwa da ƙafarsa?

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Ke nan akwai 'yan mata da matan aure da ke ɓoye kwalbar kodin a ƙasan akwati, suna jin kunyar neman taimako fiye da maza. Wane gida ne zai ce ba ruwansa?

Wanda jikinsa ya saba da tiramadol ko roche, idan ya bari farat ɗaya sai ciwon gaɓoɓi, gumi, kyarma da rashin barci su taso shi gaba, wani har farfaɗiya yake yi. Ba aljanu ba ne, ba iskanci ba ne, jiki ne ke neman abin da ya saba. Shi ya sa matakin farko hannun likita ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ma ba kamu kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, tana da layin kira kyauta, 0800 1020 3040. Don Allah kada a kai yaro inda za a sa masa mari a ƙafa. Ba mu manta da ɗaruruwan mutanen da aka fito da su ɗaure da sarƙa daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna cikin 2019 ba. A yi addu'a, a kuma yi magani.

Amma babban aikin yana farawa ne ranar da ya dawo. Tsohuwar majalisarsa tana nan, mai sayar masa yana nan, shi kuma ba aiki, ba aboki, gida ana kulle ɗaki idan ya shigo. Malamin nan da mai kisan kai ɗari ya je wa neman tuba, bai tsaya ga cewa ƙofa a buɗe take ba, ya umarce shi da ya bar garinsa ya koma cikin mutanen kirki. To, mu ne ya kamata mu zame masa wannan garin. Mai gareji, mai shagon ɗinki, mai walda, ka karɓe shi ya wuni a wajenka, hannunsa na aiki, ya koma gida a gajiye. Ku attajirai, bashin da ya yi masa katutu da jarin da zai fara sana'a duk suna cikin abin da zakka ke shiga. Iyaye, ku mayar masa da amana kaɗan-kaɗan: yau a aike shi cefanen dubu biyu, ya kawo canji, gobe a ƙara.

Idan ya zame ya koma, a mayar da shi wajen likitansa da wuri, ban da gori. Giya ma a hankali aka hana ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, kuma Nana A'isha (RA) ta ce da hani ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba.

Yaron layinmu yanzu yana koyon gyaran babur. Wani maƙwabci ne ya ɗauki nauyin ƙwanƙwasa masa ƙofa kullum da asuba, su tafi masallaci tare, su tsaya sahu ɗaya.