Kowa na son mace ta koyar da 'yarsa, to 'yar wa za ta zama malamar?

Shekarata ta farko a aikin koyarwa, wata sakandaren jeka-ka-dawo aka tura ni a ƙauye. Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin malamai, ni kaɗai ce mace. Ran nan wani dattijo ya jingine kekensa a gindin darbejiya, ya leƙo ta taga ya ce, "Malama, da gaske ke ma a nan kike koyarwa?" Na ce, "Eh, Baba." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To gobe zan dawo da ita." Ashe tun da 'yarsa ta fara girma ya tsayar da ita a gida, don duk malaman maza ne. Bai nemi ganin takarduna ba, bai tambayi darasin da nake koyarwa ba. Mayafina kawai ya gani.

Wannan dattijon nake tunawa duk lokacin da aka tayar da zancen mata malaman sakandare a ƙasashen duniya. A Latbiya, Lituwaniya da Bulgeriya, cikin malaman sakandare goma sai ka samu wajen takwas mata ne. A Chadi da Togo kuwa, cikin goman da ƙyar ka samu ɗaya. Masu sharhi sai su yi saurin cewa can an ci gaba, nan an koma baya. Ni ban yarda abin ya zo da sauƙi haka ba. A ƙasashe da yawa inda mata suka cika aji, albashin ne ya kori maza zuwa wasu sana'o'i, aka bar wa mata alli. Japan kuma, duk arzikinta, maza ne suka fi yawa a babbar sakandare, kuma kowa ya san malamansu da daɗewa a makaranta har dare, ga kula da wasannin ɗalibai a ƙarshen mako. Wace mai goyo ce za ta jure wannan? Ashe yawan mata ko ƙarancinsu ba shi kaɗai ke nuna darajar da aka ba su ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Saudiyya, don damuwarsu irin tamu ce. Da gwamnati ta buɗe makarantun 'yan mata a 1960, an yi ta ja-in-ja, aka tsaya a kan cewa mace ce za ta koyar da mace. Amma ba su tsaya a fatar baki ba. Sun ɗauko malamai mata daga Masar, Siriya da sauran ƙasashen Larabawa, suka buɗe makarantun horar da nasu, har 'ya'yansu suka karɓi aikin. Kwatanta da Afganistan, inda tun 2021 Taliban ta hana 'yan mata wuce aji shida, a ƙarshen 2022 kuma ta rufe musu ƙofar jami'a. Su ma cewa suke mace ce ta dace ta koyar da mace, ta duba lafiyar mace. To daga ina za ta fito? An sare bishiya ana jiran inuwa.

Mu fa tsakanin waɗannan biyun muke lilo. Alhaji yana son mace ta koyar da 'yarsa, ta karɓi haihuwar matarsa, amma tasa 'yar tana gama aji uku an sa rana. Wanda ya bar matarsa ta yi NCE, wato takardar shaidar malanta, kuma, ranar da takardar turawa ta fito aka ga sunan ƙauye, washegari yana ma'aikatar ilimi da takardar aure a hannu yana neman a dawo da ita gari. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, gaskiya. Makarantar ba gidan malamai, ba rijiya, banɗakin ma ɗaya ne kuma ƙofarsa ta ɓalle. Bayan sace 'yan mata a makarantun Chibok a 2014, Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021, wa zai ce wa matarsa je ki kwana can? Shi ya sa za ka shiga makaranta a cikin birni ka tarar da malamai mata sun yi wa darasi ɗaya yawa, ta ƙauye kuwa ko ta rantsuwa babu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne a riƙa yi kamar baƙon abu ne a wajenmu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajis, wato jagororin mata, take naɗawa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata 'yan'uwansu. Iyayenmu da yawa WTC, wato kwalejin horar da malamai mata, suka yi. Yau ma a Gusau akwai kwalejin ilimi ta tarayya ta mata zalla. An kuma taɓa gwada dabara mai kyau a Bauchi, Katsina, Neja da Sakkwato tare da UNICEF: a ɗauki yarinya daga ƙauyensu, a biya mata kuɗin NCE, da sharaɗin ta koma gida ta koyar. Wannan ita ce hanya a ganina, don 'yar gari ba ta neman masauki, kuma ba mijin da zai zo neman a yi mata canji. Sai dai a dage ta karanta lissafi ko kimiyya, kada a tattara kowa a Hausa da Islamiyya, duk da ni ma Hausar na karanta.

Yarinyar dattijon nan ta dawo, ta zauna a bencin gaba. Ita ce ta farko da ta taɓa raɗa mini cewa al'adarta ta zo a aji, na ba ta mayafina ta ɗaura, na koma gida da ɗankwali. Bayan shekara biyu na yi aure, maigidana ya je ma'aikata da takardar aure, aka dawo da ni gari. Wanda aka tura a madadina namiji ne.