Kafin ka sayi fenti, bi sawun ruwa

Duk wanda ya yi niyyar gyara fuskar gidansa, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne launi. Wane fenti zan shafa, wane irin get zan sa, tayil ɗin da zan manna a bango mai sheƙi ne ko marar sheƙi. Ni kuwa a ganina launi ne ya kamata ya zo a ƙarshe. Yawancin gidajen da suka yi muni daga waje ba rashin fenti mai tsada ne ya mayar da su haka ba. Ruwa ne ya ci su, masu su kuma suka yi ta rufe ɓarnar maimakon su tare ta, kuma wannan abu yana damuna matuƙa domin kuɗin mutane ne ke tafiya a banza.

Ku tsaya gaban bangon da ya kwana biyu ku dubi ƙasansa, daga dandamali zuwa wajen gwiwa. Za ku ga fentin ya kumbura, in kun danna da yatsa ya fashe, wani farin gari ya zubo. Bulo da siminti suna da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan suke zuƙar danshi daga ƙasa. Ruwan yana hawowa ɗauke da gishirin da ya narke a cikinsa, in ya iso fuskar bango sai ya bushe ya bar gishirin a bayan fenti, shi kuma ya yi ta turo fentin har ya ɓare. To, wanda ya kankare wannan wuri ya sake shafe shi bai yi komai ba. Damina ɗaya ta isa ta mayar da shi inda ya fito.

Mutane ba sa lissafa yawan ruwan da rufin gida ke tarawa. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Ke nan rufin da ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa na milimita 20, ya sauke lita 2,000. Ina wannan ruwa yake zuwa? In babu indararo mai kyau da bututun da zai kai shi nesa, gindin bango yake sauka, ya fantsama da laka ya ɓata fenti, sauran ya nutse wajen harsashin gini. Shi ya sa ƙa'idar ginin gidaje da ake bi a yawancin Amurka ta ce ƙasar da ke kewaye da gida ta gangara aƙalla santimita 15 a cikin mita 3 na farko. A Ingila kuma shimfiɗar da ake sawa cikin bango don tare danshi ana so ta ɗara ƙasar waje da santimita 15. Sau da yawa mai gida ne da kansa ke ɓata wannan tsari, da kyakkyawar niyya ma: ya zuba ƙasa ko ya yi daɓe har ya haura shimfiɗar, ko ya yi wa furanni kwami manne da bango yana ba su ruwa safe da yamma. Furanni abin so ne, amma a ja su baya kaɗan, ko a sa su cikin tukwane.

Bayan ruwa sai tsaga. Siririya kamar gashi, wadda ta tsaya a filasta, a cike ta a wuce. Amma wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi karkace, tana kuma ƙara buɗewa, wannan ba aikin mai fenti ba ne. A yi mata alama da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, in ta wuce alamar a nemo injiniya. Don Allah kada a manna tayil a kanta a ce an gama.

Sai yanzu maganar fenti ta zo, kuma ko a nan rabin aikin shiri ne. A wanke bango, a kankare abin da ya saki, a kashe gansakuka, a bar shi ya bushe sosai. Sabuwar filasta tana buƙatar kamar kwana 28 kafin a shafa mata fenti, domin ɗanyen siminti yana da kaifin da ke cin launi. A fara da shafen farko mai kama bango, sannan a bi da shafe biyu marasa kauri. Kada a yi aikin a bangon da rana ta gasa, fentin zai bushe a sama kafin ya kama. Wani gargaɗi da bai kamata a yi wasa da shi ba: tsohon fentin mai, musamman na ƙyaure da tagogi, yana iya ƙunsar dalma. Amurka ta hana irinsa a gidaje tun 1978, ƙasashe da dama kuma sun makara wajen hanawa. Goge shi a bushe yana tayar da ƙurar da ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, don haka a jiƙa shi, a rufe hanci, a nisanta yara.

Game da launi, ni ina tare da masu haske. Ba sa ɗaukar zafi kamar masu duhu, kuma ba sa saurin nuna koɗewa. Launi biyu sun isa, na uku a bar wa ƙofa.

Kada a ɗauka ina raina fenti. Edi Rama, wanda mai zane ne kafin ya shiga siyasa, da ya zama magajin garin Tirana, babban birnin Albaniya, a shekarar 2000, ya sa an shafe tsofaffin benaye masu launin toka da launuka masu ɗaukar ido, aikin da ya sa duniya ta juyo ta kalli birnin. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne fuskar gida ba ta mai gidan kaɗai ba ce. Kai kana ciki, maƙwabcinka ne ke buɗe ƙofa kullum ya gan ta. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma baƙo tun daga bakin get yake fara karanta irin tarbar da za a yi masa.

Shi ya sa ƙananan abubuwa suke da nauyi a wurina fiye da adon da ake kashe wa dukiya. Ƙyauren da ke kuka a sa masa mai. Tsatsar get a goge ta tun tana ɗigo. Wayoyin da suka yi rawani a bango a tattara su cikin bututu ɗaya. Ragowar yashi da fasassun bulo da aka bari tun ranar da magina suka tashi a kwashe su. Ƙwan fitila ɗaya mai laushin haske a saman ƙofa, da lambar gida da za a iya karantawa daga titi. In akwai fili a dasa itace, domin inuwarsa tana sanyaya bango, sai dai a ba shi tazarar mitoci daga gini da bututun ruwa, saboda saiwar babban itace tana tafiya nesa fiye da rassansa.

Na san masu haya za su ce gidan ba nasu ba ne, kuma suna da gaskiya a kan indararo da tsaga, wannan haƙƙin mai gida ne, ya kamata a gaya masa da wuri kuma a rubuce. Amma shara, da wanke ƙofa, da buɗe magudanar da leda ta toshe, waɗannan na wanda ke kwana a gidan ne. Masu gidajen haya kuma ku ji tsoron Allah, ku daina jiran sai ɗan haya ya tashi sannan ku shafa fenti a kan danshi ku miƙa wa wani mabuɗi.