Rigimar tun ranar sa hannu take farawa

Na karanta wani rahoto kan yadda ƙungiyoyin mawaƙan rock ke maka manajojinsu a kotu, inda marubucinsa ya taƙaita aikin malamin kiɗa ga koyar da jita da ganga. Rahoton ya tsallake abu guda, wato yawancin rigingimun nan ana shuka su ne tun ranar sa hannu a kwantiragi, lokacin da mawaƙan ke samari kuma ba su da lauya na kansu. Mawaƙan ƙungiyar Rolling Stones ta Birtaniya sun ɗauki Allen Klein a matsayin manaja a 1965 domin ya ƙwato musu kuɗi mai kauri daga kamfanin faya-fayan waƙa na Decca, ya kuwa ƙwato, amma da suka raba gari a 1970 sai suka tarar haƙƙin mallakar waƙoƙinsu na shekarun 1960 ya koma hannun kamfaninsa, ABKCO, kuma har yau can yake. Na mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya fi ba ni tausayi, domin shari'arsa da manajansa Mike Appel ta hana shi naɗar sabon faifai kusan shekara guda, daidai lokacin da tauraronsa ke haskawa, har sai da suka sasanta a 1977.

Saboda haka ban yarda da marubucin ba da ya taƙaita aikin malamin kiɗa ga koyar da jita da ganga. Ya kamata malami ya zaunar da ɗalibinsa da takardar kwantiragi, su bi ta layi bayan layi, ya nuna masa wanda zai mallaki faifan da aka naɗa, da kuma ko manaja zai ciri kasonsa ne kafin a fitar da kuɗin tafiye-tafiye ko bayan an fitar.